Wa ya fara ƙera taya, kuma me ya hana kakanninmu aiki da ita?

Maman Khalifa: Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina koyar da 'yan aji shida, kuma littafin da muke aiki da shi ya ce mutanen Mesofotamiya, wato Iraƙin yau, su suka ƙirƙiro taya wajen shekara 3500 kafin Miladiyya. Abu biyu ke damuna. Shin maganar nan tabbatacciya ce, ko kowa kwafa yake daga na gabansa? Sannan ɗan Adam ya yi kwalekwale, ya yi saƙa, ya yi noma, ya gina gari, duk kafin ya yi taya. Abin da yaro ke haɗawa da murfin kwalba da tsinke, ta yaya ya gagari manya shekaru dubbai? Masu sani a taimaka, ba na son in koya wa yara abin da ni kaina bai kwanta mini ba.

Bakanike: Wa alaikumus salam Malama. Tambaya ta yi kyau, ina biye.

Ɗalibin Tarihi: Wa alaikumus salam. Malama, littafin bai yi ƙarya ba, tsufa ya yi. An daɗe ana ba Mesofotamiya wannan kambu saboda allunan yumɓu na birnin Uruk, na wajen shekara 3300 kafin Miladiyya. A cikin alamomin rubutun akwai zanen wani gadon katako mai rumfa da ake ja a ƙasa, a wasu kuma an sa masa 'yan da'irori a ƙarƙashi. Tun da can aka fara rubutu da manyan birane, sai aka ɗauka can taya ma ta fito.

Daga baya ƙasa ta yi ta amayo wasu shaidu a wuraren da ba a zata ba. A ƙauyen Bronocice da ke kudancin Polan an tono wata tukunya mai zanen amalanke mai ƙafa huɗu, da sandar ja da karkiya, shekarunta sun kai na allunan Uruk ko ma sun ɗan fi. Tana gidan tarihi na birnin Krakow. A Flintbek, arewacin Jamus, an sami sawun tayoyi guda biyu a jere da wani tsohon kabari ya rufe, na wajen 3400. A Hangari an sami 'yan kofunan yumɓu da aka gina da siffar amalanke. A filayen kudancin Rasha da Yukiren kuwa makiyaya na binne manyansu tare da amalankensu tun wajen 3300 zuwa 3000.

Tayar kanta, ta katako, mafi tsufa da aka samu tare da sandar tsakiyarta, a 2002 aka tono ta a wata fadama kudu da Ljubljana, babban birnin Sulobeniya. Ta haura shekara 5,100. Faɗinta kusan santimita 70, kaurinta 5, sandar kuma santimita 124.

To kin ga, cikin shekaru ɗari biyu zuwa uku abin ya bayyana tun daga Jamus har Iraƙi. Gwajin kabon da ake auna shekarun abu da shi ba ya iya raba wannan ɗan tsakanin ya ce wane ne na farko. Ni da zan tsaya gaban ajin, cewa zan yi: taya ta bayyana wajen 3500 kafin Miladiyya, a tsakanin Turai ta tsakiya da yankin Kokesas da Mesofotamiya, kuma masana na ja-in-ja a kan inda ta soma.

Abban Gwale: Malam, ka yi haƙuri, amma abin nan da walakin. Turawa ke haƙa, Turawa ke gwaji, Turawa ke rubuta littafin. Jiya sun ce Iraƙi, yau kuma sun janye abin sun kai gidansu. Ni ban yarda ba.

Ɗalibin Tarihi: Abba, zarginka yana da wurin zama, amma ba ta nan ba. Inda ya kamata a yi hattara shi ne, katako ba ya daɗewa sai a wurin da iska ba ta shiga, kamar taɓon fadamar Sulobeniya. Ƙasar kudancin Iraƙi cinye ice take yi. Ga yaƙe-yaƙe da suka tsayar da aikin haƙa a can shekara da shekaru, alhali a Turai ko hanya za a yi sai an bincika wurin. Saboda haka inda aka sami mafi tsufa ba lalle ne can aka fara ba.

Sai dai ka lura, mutanen Bronocice ba su da rubutu, ba su da birni, ba su da sarki mai fada. Manoma ne masu shanu a ƙauyuka. In har su suka fara, to abin da ya rushe shi ne tsohuwar maganar cewa sai mai birni da alƙalami ke ƙirƙira. Wannan ba ya cikin abin da Turawan dā suke son ji.

Baba Kafinta: Malama, bari in amsa miki ta biyun, don sana'ata ce. Mutane na zaton yanka gungumen ice aka yi kamar yadda ake yanka albasa, sai ga taya. Wanda ya taɓa aikin katako ya san hakan ba ya yiwuwa. In ka yanke gungume a kwance ka ajiye, kafin ya gama bushewa zai tsage daga tsakiya zuwa baki, in ka ɗora masa kaya kuma ya dare gida biyu. Dole ka tsaga icen a tsaye ka fid da allo, ka jera biyu ko uku, ka ɗaure su da wasu 'yan katakai a gicciye, sannan ka sassaƙe su su zama da'ira. Kuma babu zarton ƙarfe a wancan lokacin, da gizago za ka yi ta bi.

Wannan ma ba shi ne mai wuyar ba. Mai wuyar shi ne ramin tsakiya da sandar da za ta shiga cikinsa. In ramin ya matse, taya ba ta juyawa. In ya yi yawa, sai ta riƙa rangaji tana cin kanta, kafin ka je kasuwa ka dawo ta lalace. In ramin ya kauce wa tsakiya da faɗin yatsa ɗaya, amalanken zai riƙa ɗingishi. Sandar kuma in ta yi kauri ta cika gurzuwa, shanu su wahala, in ta yi siriri ta karye. Sannan abin da ka yi a dama sai ka yi irinsa daidai a hagu. Murfin kwalba ba ya ɗaukar buhu biyar na dawa, shi ya sa yaro ke iya nasa.

Ɗalibin Tarihi: Allah ya ƙara girma Baba. Abin da ka faɗa shi ne a jikin tayar Sulobeniya: allo biyu aka haɗa, aka soke su da 'yan katakai a gicciye, kuma icen tayar daban, na sandar daban. Mai ita ya san wane ice ke jure wane aiki. Shi ya sa ma masana da yawa ke ɗaura zuwan taya da zuwan kayan sassaƙa na jan ƙarfe.

Baba Kafinta: Allah ya ji ƙan maza. Wannan ba aikin ɗan koyo ba ne, an daɗe ana yi kafin a kai ga haka.

Injiniya: Ina ƙara wa maganar Baba. Gangara abu a kan gungume kowa zai iya ganowa, amma yana da matsala: gungumen na fita ta baya, sai wani ya ɗauko ya maido gaba. Hikimar taya ita ce an kama mai gangarawar an riƙe shi a ƙarƙashin kayan. Gurzuwar da a da take tsakanin kaya da ƙasa sai ta koma ɗan ƙaramin wurin da sanda ke haɗuwa da mazauninta, inda za ka iya gogewa ya yi santsi ka shafa kitse.

A 2024 wani masanin tarihi na Jami'ar Kolambiya, Richard Bulliet, da injiniyoyi biyu suka fitar da nazari da kwamfuta, suka ce mai yiwuwa masu haƙar jan ƙarfe a duwatsun Kafatiya na gabashin Turai ne suka fara, wajen 3900. Hujjarsu, a cikin ramin haƙa hanya miƙaƙƙiya ce kuma ƙunci, babu wurin zagayawa da gungume, ga kaya mai nauyi da ake ja kullum a layi guda. Sai aka riƙa rage tsakiyar gungumen a hankali har ya koma sanda da taya biyu. Hasashe ne, ba a tono amalanke a cikin ramin ba, amma yana shiga hankali.

Maman Khalifa: Na gode ƙwarai. Wani abokin aikina ya ce ai ba don tafiya aka fara yin ta ba, don ginin tukwane ne. Haka ne?

Ɗalibin Tarihi: Akwai ƙamshin gaskiya. Faifan da magini ke ɗora tukunya yana juyawa a hankali da hannu ya bayyana a Gabas ta Tsakiya tun kafin amalanke, kuma a birnin Ur an sami babban faifan yumɓu na magina na wajen 3000. Amma faifai a kwance yake juyawa, ba ya ɗauke da nauyi yana tafiya kan duwatsu, don haka sanin ɗaya ba ya ba ka ɗayan.

Akwai ma wanda ya girme su duka, kuma yana ɗakin kakanninmu: mazari da gululu. Da'ira ce mai rami, da tsinke a tsakiya, suna juyawa tare. Kusa da tafkin Ɗabariyya an tono 'yan duwatsu masu huda sama da 100, na shekara 12,000, waɗanda masu binciken ke ganin na kaɗi ne.

Hajiya Mai Saƙa: Kakata har ta rasu ba ta rabu da mazari ba. Tana murza shi a kan tasko, ga alli a yatsu, zare na fita sumul. Game da tukwane kuwa, matan ƙasar nan da hannu suke gini, su ke zagaya tukunyar maimakon ita ta zagaya. Ladi Kwali da ke jikin naira ashirin ta riga ta shahara da ginin hannu kafin ta shiga makarantar tukwane ta Michael Cardew a tsohuwar Abuja, Suleja ta yanzu, a 1954, a can ta koyi na faifai. Randunan da suka kai sunanta duniya kuwa na hannun ne.

Bakanike: To Misirawa fa? Duwatsun dala da me suka kwashe?

Ɗalibin Tarihi: Ba da taya ba. Babbar dalar Giza ta wajen 2560 kafin Miladiyya ce, shekara kusan dubu bayan tukunyar Polan, amma kogin Nilu shi ne titinsu. A 2013 aka sami takardun wani shugaban ma'aikata mai suna Merer a Wadi al-Jarf, inda ya rubuta yadda ƙungiyarsa ke ɗauko farin dutse daga Tura a jirgin ruwa zuwa Giza. A tudu kuma jan katako suke yi. A kabarin wani hakimi, Djehutihotep, akwai zanen ƙaton gunki a kan katakon ja, mutum sama da 170 na ja da igiyoyi, wani na tsaye a gaba yana zuba ruwa a ƙasa. Masu bincike a Jami'ar Amsterdam sun gwada a 2014, suka ga yashi mai danshi daidai gwargwado na rage ƙarfin da ake buƙata da kusan rabi. Tayar katako da dutse mai nauyin tan biyu a kan rairayi nutsewa kawai za ta yi.

Abin da ya sa Masar ta rungumi taya hannu bibbiyu yaƙi ne. Amalanken farko nauyi ne da shi, tafiyar shanu yake yi. Ko na yaƙin Sumeriyawa, mutanen kudancin Mesofotamiya, da ke jikin wani akwati mai ado da Leonard Woolley ya tono a Ur, wanda ke gidan tarihin Birtaniya a Landan, ƙafa huɗu ne na tsurar katako, dabbobi dangin jaki ke ja. Sai wajen 2000 kafin Miladiyya mutanen Sintashta, a kudancin duwatsun Ural na Rasha, suka fito da taya mai siraran sanduna daga cibiya zuwa baki, mara nauyi, suka ɗaura wa dawaki biyu. Katakon ya ruɓe, amma sawun sandunan ya kwanta a ƙasan kaburburansu. Cikin 'yan ƙarnoni karusa ta kai ko'ina: Masar a zamanin Hiksos, baƙin da suka mulki arewacinta, wajen 1600, ƙasar Sin a zamanin daular Shang wajen 1200. A kabarin Fir'auna Tutankhamun kaɗai karusa 6 aka samu. A yaƙin Kadesh, wajen 1274, Fir'auna Ramses na Biyu da Hittiyawa, mutanen yankin Turkiyya ta yau, sun gwabza da dubban karusai.

Abban Gwale: Duk na ji. Yanzu a zo gida, don nan abin ke mini ciwo. Duniya na hawa karusa shekara dubu uku da suka wuce, mu kuwa har Turawa suka ci Kano a 1903 kaya a ka muke ɗauka da bayan jaki. Kada a yi mini kwana-kwana, wannan ci baya ne.

Ɗan Agadas: Ɗan'uwa, kafin ka yanke hukunci ka zo Azbin. A jikin duwatsunmu akwai zanen karusai da mutanen dā suka sassaƙa, kamar na Iwelen a arewacin Azbin. Akwai ɗaruruwansu a Sahara, a Tassili ta Aljeriya, da Fezzan ta Libiya, da Adrar na Mali. A wasu ka ga dawaki biyu sun miƙe ƙafafu a sukuwa, mutum na tsaye riƙe da linzami. Herodotus, tsohon marubucin tarihi na Girka, ma ya rubuta cewa Garamantawa na Fezzan na da karusai masu doki huɗu. Taya ta shigo hamada tun kafin Miladiyya. Ganinta aka yi, aka hau, aka bari.

Abban Gwale: To ai wannan ya fi muni. An samu an yar.

Ɗan Agadas: An sami wanda ya fi ta ne. Har gobe ayarin gishiri na ratsa Tenere zuwa Fachi da Bilma. Ka ɗora amalanke a wannan yashin ka gani. Raƙumi ba ya neman a share masa hanya, ba ya karyewar sanda a inda babu ice ko ɗaya, yana kwanaki bai sha ruwa ba, mutum guda na jan da yawa a jere, kuma yana haifar wani raƙumin.

Ɗalibin Tarihi: Abin da Ɗan Agadas ya faɗa ba a Sahara kaɗai ya faru ba, kuma shi ne mafi ban mamaki a tarihin nan gaba ɗaya. Ƙasashen da suka daɗe da taya, Iraƙi da Sham da Farisa da Masar, su ma sun ajiye ta. Bulliet ɗin da Injiniya ya ambata ya yi littafi a kan haka a 1975. Bayan da Larabawan arewa suka gyara sirdin raƙumi ya zauna daram a kan tozo, sai ɗaukar kaya da raƙumi ya fi arha. Daga dokar farashi da sarkin Rum Diocletian ya kafa a shekara ta 301 Miladiyya, Bulliet ya lissafa cewa dakon raƙumi ya fi na amalanke sauƙi da kusan kashi 20 cikin 100. Kafin zuwan Musulunci amalanke ya kusa ɓacewa a yankin, kuma ya yi sama da shekara dubu bai dawo sosai ba. A cikin wannan lokacin ne aka gina Bagadaza da Alƙahira, aka rubuta aljabara da littattafan likitanci. Je ka tsohon birnin Fas, lungunansa an yi su ne daidai alfadari da kayansa.

Yanzu ka duba da wa Kano da Katsina ke ciniki: Gadamus, Tarabulus, Gat, Masar. Fatakenmu da alhazanmu sun je can ba su tarar da amalanke a titi ba. Duniyar da muke cikinta a lokacin ta raƙumi ce, kuma ita ce mai arziki.

Hajiya Umdurman: Amma su ba su manta da juyi ba. A nan Sudan, a bakin Nilu, an shekara kusan dubu biyu ana ban ruwa da saƙiya: sa na zagayawa, wata babbar taya mai haƙora na juya wata, tuluna na nutsewa suna fitowa da ruwa. Tsofaffi a arewa har yanzu suna tuna kukanta. Sai da injin ban ruwa ya zo aka bar ta. Inda taya ke da amfani an riƙe ta, inda raƙumi ya fi an bar masa.

Abban Gwale: Na yarda da hamada. Amma ƙasar Hausa ba hamada ba ce. Shimfiɗaɗɗiya ce, muna da takarkarai, muna da dawaki da jakuna, muna da maƙera da masassaƙa da suka iya turmi da sirdi da ƙofar gari. Daga cikin birni zuwa gona fa? Manoman kewayen Kano da mangala suke kwasar taki a bayan jaki, sawu bayan sawu. Amalanke ɗaya zai yi aikin jakuna da yawa. Kuma kurar ruwa da baro ba sa buƙatar dabba ko ɗaya. Mutanen Sin sun yi baro tun kusan shekara 1,900 da suka wuce. Wannan fa?

Ɗalibin Tarihi: Nan ka kama wuri mai ƙarfi, kuma ba zan ce raƙumi ya amsa shi ba. Masanin tarihi Robin Law ya yi rubutu a kan wannan a 1980, kuma ya nuna Afirka ta Yamma ta san taya, tsada ce ta hana. Amalanke na son hanya mai faɗi da ake gyarawa. Turbarmu ta mutum ɗaya ce da jaki, damina na zuwa ta zaizaye ta, rafuka su cika, babu gada. Ba wanda zai kashe dukiya ya yi hanya alhali babu amalanke, ba wanda zai yi amalanke alhali babu hanya. In ka nufi kudu kuma, hanyar Gwanja ta goro, ƙudan tsando na jira, sammore na kashe shanu da dawaki.

Akwai kuma dalilin da ba ma son faɗa. Ƙarfin mutum ya yi arha, saboda akwai bayi. Attajirin da ke da masu ɗaukar masa kaya a ka ba shi da abin da zai matsa masa ya nemi dabara. Wanda ke ɗauke da kayan shi ke da buƙatar baro, shi kuwa ba a tambayarsa. Wannan ɓangaren ba abin alfahari ba ne, kuma bai kamata a ɓoye wa yara shi ba.

Ɗan Zangon Kumasi: Muna da misali a nan. A 1841 ɗan mishan Thomas Birch Freeman ya kawo wa Sarkin Asante Kwaku Dua kyautar keken doki daga Ingila. An sha baƙar wahala kafin a ratsa kurmi da shi daga bakin teku zuwa Kumasi. Sarakunan Dahomey ma sun tara irinsu, mutane ke ja ranar biki don babu dawakin yi. Kayan alfarma ya zama, bai taɓa zama kayan kasuwa ba.

Injiniya: Ga wata ƙasa da za a gwada da ita. A Meziko an tono 'yan dabbobin yumɓu masu taya huɗu da sanda, musamman a yankin Veracruz, an yi su ƙarnoni kafin zuwan Sifaniyawa. Sun gano abin da kansu, ba wanda ya koya musu. Amma babu doki, babu sa, babu jaki a nahiyar. Inka na Peru sun shimfiɗa hanyoyi na dubban kilomita, sai dai cike suke da matakala da gadojin igiya, dabbarsu lama kuma 'yar ƙaramar ɗaukar kaya ce, ba ta ja.

Abba, game da takin da ka ce, duba lokacin da amalanken shanu ya bazu a ƙauyukanmu. Sai da aka sami tsohon ƙarfen ƙafar mota, da boris, da tayar roba a bola da arha. Duk wahalar da Baba ya lissafa an riga an yi ta a masana'anta, mai walda ɗora bodi kawai zai yi. Tayar roba mai iska kuma na tafiya a yashin da ta katako za ta kafe. Ita kanta ba ta fara yaɗuwa ba sai bayan da Dunlop ya fito da tasa a Belfast a 1888. Da farashi ya sauko, manomi bai jira an yi masa wa'azi ba.

Abban Gwale: Wannan ta shige ni fiye da sauran. Amma ina nan kan bakana a abu ɗaya: da wani sarki cikin masu ƙarfi ya sa an yi hanya ko daga Kano zuwa Zariya ce, da an gani. Waɗanda suka iya tara jama'a su gina ganuwa mai tsawon kilomita da yawa ba za a ce hanya ta gagare su ba. Zaɓi suka yi.

Ɗalibin Tarihi: Zaɓi ne, ban musa ba. Sai dai ganuwa tsare gari take yi, hanya mai faɗi kuwa buɗe shi take yi wa mahara, a zamanin da yaƙi bai ƙarewa tsakanin garuruwa. Inda muka rabu da kai shi ne, kai kana ganin sakaci, ni ina ganin lissafin da ya dace da lokacinsa, ko da yake talaka da bawa ne suka biya kuɗinsa da wuyansu.

Baba Kafinta: Ku bar ni in koma kan katako. Malam, ita ta Sulobeniyar, tayar ce ke juyawa a kan sanda, ko tare suke juyawa?

Ɗalibin Tarihi: Tare, Baba. Ramin tsakiyarta mai kusurwa huɗu ne, sandar ta shige ta kama. A kewayen duwatsun Alps haka aka fi yi. A filayen Rasha da Mesofotamiya kuwa ramin zagayayye ne, sanda na tsaye, kowace taya na juyinta. Wannan bambancin na cikin abin da ya sa wasu ke ganin ba a wuri ɗaya aka ƙirƙiro ta ba.

Baba Kafinta: To mai kusurwa huɗun ya sauƙaƙa wa kansa aiki, amma zai sha wuya a kwana. Ta waje na son ta yi sauri, ta ciki na son ta jira, sanda ta ɗaure su tare. Dole ɗaya ta riƙa jan ƙasa.

Bakanike: Haka yake Baba, shi ya sa mota ke da difa a baya, don kowace ƙafa ta yi gudunta a kwana. Amma dabarar mutumin Sulobeniya ba ta mutu ba. Ku leƙa ƙarƙashin tarago a tashar jirgin ƙasa, wili biyu da ƙarfen tsakiya a haɗe suke, tare suke juyawa. Abin da aka yi, an ɗan fiƙe bakin wilin, cikinsa ya fi wajensa faɗi. In jirgi ya shiga kwana sai ya ɗan zame gefe, wilin waje ya hau kan wurin da ya fi faɗi, na ciki ya sauka kan siririn, kowanne ya ci tazarar da ta dace da shi a juyi ɗaya.

Injiniya: Daidai. Su kuwa masu ƙafa huɗu na farko, sandar gabansu ba ta karkata, don haka in za a yi kwana sai an yi doguwar da'ira, ko a sa ƙarfi a ja gaban a gefe. Shi ya sa a ƙasa mai duwatsu da lanƙwasa aka fi son mai ƙafa biyu, mai huɗun ya zauna a buɗaɗɗen fili inda makiyayi zai ɗora tanti da ruwa da iyali ya bi shanunsa.